Daga Kano Zuwa Fatakwal Ta Saman Fadan Kagoma

In mutum ya shimfiɗa taswirar Nijeriya a kan tabarma, ya ɗauki zare ya danne bakinsa ɗaya a kan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sa'an nan ya ja ɗaya bakin har filin jirgin sama na Fatakwal da ke Omagwa cikin Jihar Ribas, to tsawon da zaren nan ya nuna kimanin kilomita 800 ne, watau mil 500 a lissafin da. Jirgin sama na fasinja irin na zamanin nan yakan cinye wannan tazara cikin awa ɗaya da kamar minti 20. Wanda ya yi sallar asuba a Fagge ya kama jirgin safe, in ya dace da wanda ba ya ya da zango a hanya, zai iya karya kumallo a bakin ruwan Fatakwal tun hantsi bai dubi ludayi ba.

In mai karatu ya bi zaren nan da yatsa daga arewa, zai ga ya bar ƙasar Kano, ya ratsa ƙasar Zazzau ta gabas da birnin Kaduna, ya faɗa cikin duwatsun kudancin jihar, ya bi ta yamma da Kwoi kaɗan. A daidai nan akwai wani gari da zaren ya bari ta gabas da kimanin kilomita 30, tazarar da jirgi kan share cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Garin nan shi ne Fadan Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a. Daga Kano zuwa nan kusan kilomita 290 ne a miƙe, daga nan zuwa Fatakwal kuwa ya ɗara 500 kaɗan. Ko da yake matuƙa jiragen sama ba zare suke bi ba, suna da nasu hanyoyi da aka shata musu a sararin sama, amma duk da haka ƙasar Kagoma tana ƙarƙashin mashigar da ta haɗa arewa da kudu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me wannan awa ɗaya da minti 20 take nufi ga mutumin da jirgin ke wucewa ta samansa?

Filayen biyu

Filin jirgin saman Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na Sojan Sama na Ingila suka sauka a birnin, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga Masar suka taso tun ranar 27 ga Oktoba, suna tafe suna ya da zango ta ƙasar Sudan da Cadi, har kwana shida kafin su iso. A 1936 aka soma jigilar wasiƙu da fasinja ta Kano, aka haɗa ta da hanyar da ta bi ta Hartum zuwa Ingila. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa Kano ta zama babban zango ga jiragen yaƙi masu tasowa daga Takoradi zuwa Alƙahira. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Fatakwal kuwa ruwa da jirgin ƙasa ne suka haife ta. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi kusa da Inugu, Turawa suka nemi gaɓar da za a riƙa loda shi, suka kafa tashar jiragen ruwa, a 1913 aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, Sakataren Mulkin Mallaka na Ingila a lokacin. Sunan nan ne bakin Bahaushe ya mai da shi Fatakwal. Man fetur ne ya ɗaukaka garin daga baya, har aka gina masa babban filin jirgin sama a Omagwa, can wajen gari. An taɓa rufe filin a watan Agusta 2006 domin gyara, ba a sake buɗe shi ba sai Disamba 2007. A watan Oktoba 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon ginin matafiya ƙasashen waje da aka yi masa.

Filayen nan biyu sun bambanta kamar yadda ƙasashensu suka bambanta. Abin da ke hana jirgi tashi a Kano shi ne hazon hunturu, sa'ad da ƙura takan rufe gari har matuƙi ya kasa hangen titin sauka. A Fatakwal kuwa hadari ne da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wanda yakan ɗauki mafi yawan watannin shekara. Saboda haka lokacin da aka rubuta a jikin tikiti alkawari ne wanda sai sararin sama ya yarda kafin a cika shi.

Yadda ake lissafin lokacin

Jirgi mai injin jet in ya kai ƙololuwar tashinsa, watau kimanin mita 10,000 daga ƙasa, yakan yi gudun kilomita 800 ko fiye da haka kaɗan a awa. Wannan ya kama kilomita 13 ke nan a kowane minti. Da a ce da wannan gudu yake tashi, da shi kuma yake sauka, da awa ɗaya cif ta ishe shi daga Kano zuwa Fatakwal. Amma fa sai ya ɗauki kusan minti 20 yana hawa, ya kuma ɗauki fiye da haka yana gangarowa sannu a hankali, wani lokaci ma sai ya kewaya filin kafin a ba shi izinin sauka. Nan ne sauran mintocin suke shiga. Iska ma tana da nata rabo, in ta biyo bayan jirgi ta rage masa lokaci, in ta tare shi ta gaba ta ƙara.

A zamanin kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 ya kuma durƙushe a 2003, akwai jirage masu farfela irin su Fokker F27, waɗanda gudunsu bai cika wuce kilomita 450 a awa ba. Irin wannan jirgi sai ya yi kusan awa biyu a kan wannan tazara, in bai tsaya ko'ina ba, ga shi kuwa a wancan zamani jiragen cikin gida sun saba ya da zango a garuruwan da ke kan hanya.

Har ila yau ba kullum ne matafiyi ke samun jirgin da zai kai shi kai tsaye ba. Sau da yawa sai ya sauka Abuja ko Ikko ya sake wani. In ta Abuja ne, daga Kano kimanin kilomita 365, daga nan zuwa Fatakwal kimanin 445, jimla 810, watau ratsen bai ƙara kome ba ga nisa, sai dai zaman jira. In kuwa ta Ikko ne, sai ya yi kilomita 830 zuwa kudu maso yamma, sa'an nan ya juyo gabas ya yi wajen 440, jimla kusan 1,270. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, don za a dawo kansa.

Ƙasar da ke ƙarƙashin jirgi

Kamar rabin awa bayan tashi daga Kano, fasinjan da ya zauna ta tagar hagu, in sama ta yi garau, zai lura ƙasa ta sake kama. Jan fili da gonakin gero sun ba da wuri ga kore shar, ga kurmi yana bin rafuka, ga duwatsu sun taso nan da can, can gabas kuma ga tsaunin Kagoro da gefen tudun Filato. Kafin ma'aikaciyar jirgi ta gama kwashe kofunan shayi, duk wannan ya wuce.

A ƙasa kuwa abin ba ya wucewa da sauri haka. Fadan Kagoma tana kan titin da ya haɗa Kafancan da Kwoi. Ita ce mazaunin sarkin mutanen da Hausawa ke kira Kagoma, su kuwa suna kiran kansu Gwong, sarautarsu kuma ana ce mata Kpop Gwong. Maƙwabtansu ta yamma su ne Ham, watau Jaba, ta arewa kuma Bajju. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, damina takan kama tun watan Afrilu ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ana noman doya, da masara, da dawa, da acca, da rogo, da gwaza, amma abin da ya fid da sunan wannan yanki shi ne citta. Daga ƙasashen Jaba, da Kaciya, da Kagarko, da Jama'a ake samun mafi yawan cittar da Nijeriya ke nomawa. Da kaka akan ga an tsattsaga ta an baza a kan fa da bakin titi tana shan rana, ƙamshinta ya cika gari.

Mazauna wannan ƙasa ba baƙi ba ne a cikinta. Ƙauyen Nok yana nan kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka samu a ƙasar Jama'a, ya gane cewa aikin mutane ɗaya ne da na Nok. Bincike ya tabbatar da cewa masu wannan sana'a sun rayu a nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna noma, suna kuma narka ƙarfe. Kusa da Kafancan kuma akwai inda ruwan Matsirga ke zubowa daga kan dutse, a Kagoro kuwa ana bikin Afan ranar 1 ga Janairu kowace shekara. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani daga mita 10,000.

Hanyar da ta taka ƙasa

Tun kafin jirgin sama ya haɗa Kano da Fatakwal, jirgin ƙasa ya riga ya haɗa su, kuma ta ƙofar mutanen Kagoma ya bi. An soma shimfiɗa dogo daga Fatakwal, ya kai Inugu a 1916. Daga nan aka ci gaba da shi arewa ta Otukpo, da Makurɗi, da Lafiya, da Gudi, har Kafancan, ya zarce ta Zonkwa ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano a Kaduna. A 1927 reshen da ya tashi daga Kafancan ya hau tudu ya isa Jos. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin fito ake ƙetare da taragai kogin Binuwai. A 1964 kuma aka kai dogon Maiduguri ta Kuru, da Bauchi, da Gombe.

Daga Fatakwal zuwa Kafancan ta dogo kilomita 737 ne, daga Kafancan zuwa Kaduna 179, daga Kaduna zuwa Kano kimanin 224. Jimla ta kama kusan kilomita 1,140. Ke nan wanda ya tashi daga Kano ta sama ya ratsa ta Ikko ya fi jirgin ƙasa yin doguwar tafiya, ko da yake zai riga shi isa nesa ba kusa ba. A da jirgin ƙasa yakan kwana ya yini a kan wannan hanya, wani lokaci ma fiye, domin dogon siriri ne, faɗinsa ƙafa uku da rabi, ga kwana-kwana, ga hawa da gangara, ga tsayawa a kowace tasha.

Amma wannan tsayawa ita ce amfaninsa ga mutanen da ke tsakani. Kafancan, wadda asalinta mazaunin mutanen Fantswam ne, ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, ta cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Ibo, da Yarabawa, da Hausawa, da sauran kabilu. A 1933 Sarkin Jama'a ma ya taso da fadarsa ya dawo garin. Kwal da man ja da kayan kanti suna haurowa daga kudu, kuza tana gangarowa daga Jos, gyaɗa da shanu da fatu suna fitowa daga arewa. Manomin Kagoma ba ya bukatar zuwa Kano ko Fatakwal domin ya sadu da kasuwarsu. Iyakarsa ya kai kayansa tashar Kafancan, tafiyar da ko a ƙafa ana yinta a yini guda a koma gida. Ɗalibi mai zuwa makaranta Zariya, da soja mai komawa bariki a Inugu, da mace mai zuwa ganin gida, duk a wannan tasha suke haɗuwa.

Daga shekarun 1980 harkar reluwe ta soma ja da baya, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, jirage suka yi ta raguwa har tashar Kafancan ta yi tsit. Sabon dogon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a watan Yuli 2016, mai tsawon kilomita 186, can yamma ya bi, bai taɓa wannan yanki ba.

Lissafin mutumin Kagoma

To, yanzu a ɗauka wani mutum ne a Fadan Kagoma tafiyar gaggawa ta kama shi zuwa Fatakwal, ya ce shi ta sama zai bi. Filayen jirgin fasinja uku ne ke kewaye da shi, babu na kusa a cikinsu. Na Jos, wanda ke Heipang mai sunan Janar Yakubu Gowon, ya fi kilomita 100, sai an bi ta Gidan Waya an haura Hawan Kibo, inda manyan motoci ke rarrafe. Na Kaduna ya kai kilomita 200 ko fiye ta Kaciya. Na Abuja, mai sunan Nnamdi Azikiwe, shi ma ya tasam ma 200 in an bi ta Kwoi da Keffi, domin sai an keta cunkoson Mararraba da Nyanya, an ratsa birnin, sa'an nan a ƙara kimanin kilomita 40. Da yake Abuja ce ta fi yawan jiragen Fatakwal, can zai nufa.

Sai ya ware awa uku zuwa huɗu domin mota. Sai ya isa filin da awa ɗaya ko biyu kafin tashi, saboda awon kaya da bincike. Jirgin kansa awa ɗaya ce ko ƙasa da haka. Daga Omagwa zuwa cikin gari kuma wata awa ce in hanya ta cushe. In ya haɗa duka zai samu awa shida zuwa takwas, wanda a cikinsu ɗaya kaɗai ya yi a sama. Wannan fa in jirgi ya tashi a kan lokaci ke nan. In kuwa Kano za shi, maganar jirgin sama ma ba ta taso ba, gama kafin ya kai Abuja ya hau jirgi ya sauka, wanda ya shiga mota a Kafancan ya bi ta Saminaka ya daɗe da shiga Ƙofar Nasarawa. A nan ne karin maganar nan ta sauri ya haifi nawa take tabbata.

Wannan lissafin fasinja ne. Buhun citta kuwa ba ya hawa jirgin sama, domin kuɗin dakonsa sai ya cinye ribar. A kan babbar mota yake tafiya zuwa gaɓar teku, yana biyan kuɗin mai, da na shingayen hanya, da na lalacewar taya, kuma daga aljihun manomi ake cire duk wannan kafin a faɗa masa farashi. Da annobar ruɓa ta faɗa wa gonakin citta a daminar 2023 ta hallaka mafi yawan amfanin shekarar, manoman wannan yanki sun ga yadda abin da suka dogara da shi yake rataye da siririn zare.

Ɗan garin da bai kai Fatakwal ba

Akwai wani abin da ya ɗaure sunan Fadan Kagoma da filin jirgin saman Fatakwal, wanda mutanen garin ba za su manta ba. A nan aka haifi Patrick Ibrahim Yakowa ranar 1 ga Disamba 1948. Ya yi aikin gwamnati shekara da shekaru, ya zama Mataimakin Gwamnan Jihar Kaduna a 2005. A watan Mayu 2010, da aka ɗauki Gwamna Namadi Sambo ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, sai Yakowa ya hau kujerar, ya kuma ci zaɓe a 2011. Shi ne mutum na farko daga kudancin jihar da ya riƙe wannan muƙami.

Ranar Asabar 15 ga Disamba 2012 ya je jana'iza a garin Okoroba cikin Jihar Bayelsa, ƙasar da ruwa da fadama suka sa tafiya ta mota take da wuya. Da aka gama, sai ya shiga jirgin sama mai saukar ungulu na Sojan Ruwa tare da Janar Andrew Owoye Azazi, tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, za a kai su Fatakwal. Gajeruwar tafiya ce ƙwarai in an gwada da wadda ke jiransa zuwa Kaduna. Jim kaɗan da tashi jirgin ya faɗi cikin kurmi, mutum shida da ke ciki duk suka rasu. A Fadan Kagoma aka binne shi, Shugaba Goodluck Jonathan da gwamnoni da sarakuna suka halarta, garin ya ga taron da bai taɓa gani ba. Daga baya aka sa wa babban asibitin Kafancan sunansa.

Abin da ake jira

Babu mai musun amfanin jirgin sama. Ya mai da tafiyar da jirgin ƙasa ke kwana yana yi ta koma ta awa ɗaya da 'yan mintoci, ya sauƙaƙa wa alhazai, da 'yan kasuwa, da marasa lafiya. Amma amfaninsa yana sauka ne a inda ya sauka kaɗai. Tsakanin Kano da Fatakwal akwai garuruwa da ƙauyuka bila adadin waɗanda rabonsu da shi sai ƙugi da farin layin da yakan bari a sama da rani. Su abin da ke rage musu nisa shi ne titi mai kyau, da tsaro a kan hanya, da jirgin da ke tsayawa a tasha.

A watan Maris 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, wanda Kafancan ke tsakiyarsa. A 2024 aka buɗe kashin farko, daga Fatakwal zuwa Aba, kimanin kilomita 62. In aka cire wannan daga 737 da ke tsakanin Fatakwal da Kafancan, abin da ya saura a lokacin ya haura kilomita 670. Wannan shi ne adadin da ya fi damun manomin citta na Kagoma da ɗan kasuwar Kafancan, fiye da 800 ɗin da ke tsakanin filayen jirgin sama biyu. Ran da aka cike shi, suka sake jin kukan jirgi yana shigowa tasha daga Gudi, ranar ce Kano da Fatakwal za su sake matsowa kusa da su.